Gyaran Hannu, Power Query ko Google Sheets: Wace Hanya Za Ka Bi Kafin Alƙalumanka Su Hau Dashbod?

Galibin masu neman shawara a Kaduna kan dashbod, wato shafin da ke nuna alƙaluma a zane, da tambaya ɗaya suke farawa: manhajar Power BI ta Microsoft ko Looker Studio ta Google? Nakan ce su dakata, su fara nuna mini fayil ɗin da za su zuba a ciki. Zane-zanen da manhajojin biyu ke fitarwa kusan iri ɗaya ne, sanduna da layuka da taswira, kuma mai ƙwazo zai koye su cikin 'yan kwanaki. Aikin gaske yana tsakanin jadawalin da aka turo maka ta WhatsApp da jadawalin da manhajar za ta iya karantawa. Hanyoyi uku ake bi a tsallake wannan tazarar: gyaran hannu a Excel, Power Query (kayan gyaran jadawali da ke cikin Excel da Power BI), da Google Sheets mai ciyar da Looker Studio. Wadda ka ɗauka a cikinsu ita ce kusan za ta zaɓar maka dashbod ɗin ma.

Mu ɗauki misali ɗaya mu riƙe shi. A ce akwai dila mai raba taki da irin masara, babban shagonsa yana cikin garin Kaduna, yana da wakilai a Zariya da Saminaka da Kachia da Kafanchan da Birnin Gwari. Duk ƙarshen wata kowane wakili ya turo fayil ɗin Excel. Abin da Alhaji, mai shagon, yake so kaɗan ne: ya buɗe wayarsa ya ga buhu nawa aka sayar a kowace ƙaramar hukuma, da kuɗin da ke waje ba a biya ba.

Buɗe fayil ɗin wakilin Saminaka ka gani. Layuka ukun farko an haɗe gurabensu an rubuta sunan shago da manyan baƙaƙe. Kanun ginshiƙai suna layi na biyar, kuma hawa biyu ne: "Taki" a sama ya lulluɓe NPK da Urea a ƙasa. Watanni sun tafi a kwance, Mayu, Yuni, Yuli, kowanne da nasa ginshiƙin. Sunan ƙauye sau ɗaya aka rubuta shi, layukan da ke ƙarƙashinsa aka bar su fanko, ai an gane. Waɗanda ba su biya ba an shafa musu launin ruwan ɗorawa. A wani gurbi an rubuta 40, a wani "buhu 40", a wani "nil", a wani kuma ɗan jan layi kawai. Can ƙasa ga layin jimilla, ƙarƙashinsa ga sunan wanda ya shirya. Idon mutum zai karanta wannan ba wata wahala, wakilin ma ya yi ƙoƙari. Manhaja kuwa za ta ɗauki sunan shagon a matsayin kan ginshiƙi, ta tara layin jimilla tare da sauran layuka ta ninka maka cinikin, ta kasa lissafa "buhu 40" domin rubutu ne a wurinta, launin nan kuma ba ta ganinsa sam.

Abin da kowace manhajar dashbod take so bai da ƙawa. Layin kanu ɗaya tak a saman jadawali. Kowane ciniki layinsa guda. Kowane ginshiƙi abu ɗaya yake ɗauka: rana, wakili, ƙaramar hukuma, kaya, adadin buhu, farashi, an biya ko ba a biya ba. Babu jimilla, babu gurbin da aka haɗe, babu layi fanko. Abin da launi yake faɗa sai a buɗe masa ginshiƙi a rubuta shi. Wata kuma ya zama abin da ake rubutawa a cikin ginshiƙin rana, domin idan kowane wata yana da ginshiƙinsa, duk sanda Agusta ya shigo sai ka koma ka taɓa kowane zane da hannu.

Gyaran hannu

Wannan kowa ya sani, ba zan daɗe a kai ba. Ka raba guraben da aka haɗe, ka goge kanun sama da jimillar ƙasa, ka cike sunayen ƙauyuka, ka danna Ctrl+H ka musanya "nil" da sifili, ka sa TRIM ta share gurbin banza a gefen kalmomi, PROPER ta daidaita manya da ƙananan baƙaƙe. Idan ka gama ka danna Ctrl+T ka mayar da shi tebur, yadda sababbin layuka za su shiga lissafi da kansu. Ba ya buƙatar intanet, ba ya buƙatar koyon wani sabon abu, kuma ko tsohon Excel ne a laftof ɗinka zai yi. Sai dai ka lura XLOOKUP, fomular nemo bayani daga wani tebur, da ake yawan koyarwa a bidiyo babu ita a Excel 2016 da 2019, sai a 2021 zuwa sama da Microsoft 365. Wanda ke da tsoho ya riƙe VLOOKUP, mai yin irin wannan aikin.

Idan rahoto ne na sau ɗaya, misali binciken da aka yi aka gama, ko alƙaluman da ɗalibi zai zana a kundin kammala karatunsa, wannan hanyar ta wadatar, kuma duk wanda ya ce ka je ka koyi wani abu daban ɓata maka lokaci zai yi. Matsalar tana farawa ne a wata na biyu. Duk abin da ka yi a Yuni sai ka maimaita shi a Yuli, fayil biyar, babu inda aka rubuta matakan da ka bi. A Yuni ka mayar da "nil" sifili, a Yuli ka bar shi fanko, matsakaicin ciniki ya canza ba tare da kowa ya san dalili ba. Kuma kusan kullum a daren da za a yi taro washegari ake wannan aikin, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Idan dole hannun za ka bi, aƙalla kada ka taɓa fayil ɗin asali. Kwafe shi, ka yi gyaran a kwafin.

Power Query

Mutane da yawa suna da shi a kwamfutarsu ba su sani ba. A Excel 2010 da 2013 sai an sauko da shi daban, amma tun daga Excel 2016 yana cikin shafin Data, kuma shi ne dai injin da ke cikin Power BI idan ka danna Transform Data. Abin da ka koya a ɗaya zai yi maka aiki a ɗayan.

Bambancinsa da gyaran hannu shi ne yana rubuta duk matakin da ka ɗauka a wani jeri a hannun dama. Ka ce cire layuka huɗun sama, ya rubuta. Ka ce layi na gaba shi ne kanu, ya rubuta. Ka ce cike sunan ƙauye zuwa ƙasa, Fill Down ke nan, ya rubuta. Ka tace layin da ke ɗauke da kalmar jimilla ka jefar. Fayil ɗin asali yana nan yadda aka turo shi, ba a taɓa shi ba. Wata mai zuwa ka danna Refresh, matakan su sake gudana a kan sababbin alƙaluma.

Abubuwa biyu ne suka sa nake fifita shi a irin halin dilanmu. Na farko, yana iya karanta folda sukutum. Ka buɗe folda ɗaya, duk fayil ɗin da wakili ya turo ka jefa ciki, Power Query ya jera su a tebur guda, har da ginshiƙin da ke nuna daga wane fayil kowane layi ya fito. Na biyu shi ne Unpivot. Watannin nan da suka tafi a kwance, ka zaɓi ginshiƙan da ba na wata ba ka danna Unpivot Other Columns, nan take su dawo a tsaye: ginshiƙi ɗaya na wata, ɗaya na adadi. Da yake ka ce masa "sauran ginshiƙai", ko an ƙara Agusta da Satumba zai kwaso su da kansa. Wanda ya taɓa yin wannan juyin da kwafa da liƙawa ya san sa'o'in da yake ci.

Yana da nasa halin da ya kamata ka sani tun farko. Yana bambanta manya da ƙananan baƙaƙe, "zaria" da "Zaria" abu biyu ne a wurinsa. Trim ɗinsa gefen kalma kawai yake sharewa, idan an bar tazara biyu a tsakiyar "Sabon  Gari" tana nan. Idan ka shigo da fayil yakan duba layuka 200 na farko ya yanke wa kowane ginshiƙi hukunci, lamba ne ko rubutu, don haka "buhu 40" da ke layi na 900 zai fito a matsayin kuskure daga baya. Sannan yana riƙe sunayen ginshiƙai da ƙarfi. Ranar da wakilin Kachia ya canza "Qty" zuwa "Adadi", mataki zai tsaya ya nuna saƙon kuskure. Ni dai ina ganin wannan tsayawar alheri ce, gara ya tsaya da ya wuce da lissafin ƙarya, amma ga sabon shiga tana da ban tsoro. Kwamfuta mai ƙaramin ƙwaƙwalwa kuma za ta ji jiki, musamman idan Power BI ne aka buɗe. Shi Power BI Desktop ma a Windows kaɗai yake aiki.

Google Sheets da Looker Studio

Wannan hanyar ba ta ƙware wajen wanke datti ba. Ƙarfinta hana dattin shigowa ne. Maimakon wakilai biyar su turo fayil biyar, sai ka ba su Google Form ɗaya, ko jadawali ɗaya da kowa ke shigarwa a ciki ta waya. Ƙaramar hukuma zaɓa ake yi daga jeri, ba a rubutawa. Gurbin adadi lamba kaɗai yake karɓa. Rana daga kalanda ake ɗaukowa. Kowace amsa ta faɗo a layinta, kanu ɗaya a sama, wato siffar da dashbod ke so tun daga tushe. Looker Studio, wanda sunansa Data Studio kafin a canza a 2022, yana haɗuwa da jadawalin kai tsaye, kuma yana sabunta alƙaluman duk bayan minti 15 ba tare da ka taɓa komai ba. Wakilin Kafanchan ya shigar da ciniki bayan azahar, kafin la'asar Alhaji ya gani a wayarsa.

Amma idan abin da ke hannunka irin fayil ɗin Saminaka ne, a nan za ka sha wuya. Looker Studio shafi ɗaya yake ɗauka a kowace mahaɗa, yana son layin kanu ɗaya, kuma ba shi da maɓallin juya watanni zuwa tsaye. Dole ka yi gyaran a cikin Sheets da fomula: QUERY don tacewa, IMPORTRANGE don janyo jadawalin wani, haɗin FLATTEN da SPLIT don juyi. Suna aiki, ba ƙarya. Sai dai fomula ce doguwa a gurbi ɗaya, wadda kai da ka rubuta ta ma bayan wata uku sai ka zauna ka yi ta kallonta. A Power Query ka danna mataki na shida ka ga yadda teburin yake a daidai wurin. A Sheets ba ka da wannan tagar. Haɗa tebura a cikin Looker Studio ma yana da iyaka, biyar ne a haɗi ɗaya.

Don haka tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: kana da ikon canza yadda ake shigar da alƙaluman? Idan wakilan naka ne, suna da waya da sabis, kuma Alhaji zai tsaya maka ya ce daga yau fom za a cike, Google ya yi. Idan fayilolin daga wasu ofisoshi suke zuwa waɗanda ba za ka iya ba su umarni ba, ko daga wata manhaja ake sauko da su a siffar da ba ta canzawa, Power Query ne naka. Masu tattara bayanai da KoboToolbox, wata manhajar cike fom, suna tsakiya: fom ɗin ya riga ya tsare musu yawancin datti, amma tambaya mai amsa fiye da ɗaya tana fitowa a ginshiƙai da yawa na sifili da ɗaya, kuma Unpivot ne maganinta.

Sunayen wurare

A nan nake so mai karatu ya ɗan zauna, domin ita ce matsalar da ba hanyar da ke warware ta da kanta. Jihar Kaduna tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255, amma ka tara fayilolin mutum biyar ka tace ginshiƙin ƙaramar hukuma, za ka ga sunaye sun fi haka nesa ba kusa ba. Zaria da Zariya. Sabon Gari, Sabongari, S/Gari. Birnin Gwari da B/Gwari. Zangon Kataf, Zango Kataf, Z/Kataf. Jema'a kuma ta fi kowa shan wahala: wani ya rubuta Jemaa, wani Jama'a, wasu biyun duk sun rubuta daidai amma ɗan waƙafin saman da wayar ɗaya ta sa miƙaƙƙe ne, na ɗayan lanƙwasasshe, idonka ba zai bambanta ba, kwamfuta kuwa ta raba su sanda biyu a zane. Ga kuma wanda zai rubuta sunan gari a madadin ƙaramar hukuma: Saminaka maimakon Lere, Kafanchan maimakon Jema'a, Zonkwa maimakon Zangon Kataf, Kujama maimakon Chikun.

Power Query yana da wani abu mai jan hankali da ake kira fuzzy matching, wanda ke haɗa sunaye masu kama da juna ko da rubutun ya ɗan saɓa. Ga Sabongari da Sabon Gari yana da amfani. Amma a jiharmu akwai Kaura akwai Kauru, ƙananan hukumomi biyu daban da harafi ɗaya ya raba, kuma irin wannan kamannin ne yake iya ruɗa shi ya zuba cinikin wannan a asusun waccan ba tare da ya ce uffan ba. Ba na amfani da shi a kan sunayen ƙananan hukumomi.

Abin da ke aiki a duk hanyoyin uku shi ne ƙaramin teburin fassara mai ginshiƙi biyu: yadda aka rubuta, da yadda ya kamata. Duk sabon salon rubutu da ya ɓullo ka ƙara masa layi. A Excel da Sheets VLOOKUP ce za ta duba shi, a Power Query kuma Merge. Fifikon Power Query a nan shi ne cikin sauƙi zai ware maka sunayen da bai samu a teburin ba, ka san abin da za ka ƙara. Idan ka sauka matakin unguwa, kada ka dogara da suna shi kaɗai: akwai Tudun Wada a Kaduna akwai a Zariya, sai ka haɗa da ƙaramar hukuma. Taswira ma haka. Ka ba ta "Lere" tsurarta tana iya kai ka Chadi, domin akwai gari mai wannan suna a can. Ka buɗe ginshiƙi mai "Lere, Kaduna, Nigeria", ko mafi aminci ka sa lambobin latitud da longitud. Power BI yana son su a ginshiƙi biyu, Looker Studio a ginshiƙi ɗaya da waƙafi a tsakani.

Idan sunayen kayanka suna da ƙ da ɗ da ɓ, irin su gyaɗa, kuma fayil ɗin CSV ne, wato jadawalin da aka ajiye a rubutu zalla, danna shi sau biyu ya buɗe a Excel yana iya mayar da baƙaƙen wasu alamomi marasa ma'ana. Shigo da shi ta Data, ka zaɓi UTF-8, lambarsa 65001. Google Sheets ba ya cika ba da wannan matsalar.

Rana da lambobi

Yawancin laftof ɗin da ake saye a nan da saitin Amurka suke zuwa, inda wata ke riga rana. Wakili ya rubuta 05/06/2025 yana nufin 5 ga Yuni, Excel ya ajiye 6 ga Mayu. Ya rubuta 25/06/2025, Excel ya duba babu wata na 25, sai ya bar shi rubutu. Alamar a bayyane take idan ka san ta: waɗanda suka zama rana suna jingine a dama, waɗanda suka tsaya rubutu suna hagu. Sakamakon a dashbod shi ne cinikin kwanaki 12 na farkon Yuni ya warwatsu a watannin shekara, sauran kwanakin kuma su ɓace daga zanen.

Idan ranakun duka rubutu ne, kamar yadda suke zuwa a CSV, Power Query yana da gyara mai tsafta: canza nau'in ginshiƙi Using Locale, ka zaɓi Ingilishin Birtaniya. A Google Sheets ka shiga saitin jadawalin ka canza ƙasa zuwa Birtaniya kafin ka zuba komai. Amma idan wakilin ya riga ya ajiye fayil ɗin rabi a juye rabi rubutu, saitin ƙasa ba zai dawo da waɗanda suka juye ba, domin Excel lamba yake ajiyewa a madadin rana, 45658 ita ce 1 ga Janairun 2025, kuma lambar da aka ajiye ta riga ta zama ta wata ranar. Sai ka ware su ka musanya rana da wata. A Power Query mataki ne da za ka gina sau ɗaya. Da hannu, duk wata sai ka sake. Da fom kuwa matsalar ba za ta taso ba.

Wannan karambanin na Excel ba mu kaɗai yake damu ba. A 2020 sai da masana suka canza wa wasu ƙwayoyin halitta suna, irin su SEPT1 da MARCH1, saboda Excel yana mayar da su kwanan wata. Ma'aikatan lafiya a nan suna ganin irinsa a rukunin shekaru: ka rubuta 5-9, ya zama rana. Lambar waya kuma sifilin farkonta ke faɗuwa, 0803 ta koma 803, idan da 234 aka fara ta sai ta fito da E+12 a ƙarshe. Lambar asusun banki mai lamba 10 da ta fara da sifili ita ma haka. Duk lambar da ba tarawa za ka yi ba, waya, asusu, NIN, ka mayar da ginshiƙinta rubutu kafin a shigar. A Power Query ka duba matakin Changed Type da yake sa wa kansa, sau da yawa shi ne ɓarawon sifilin.

Awo ma a kula. Buhun taki kilo 50 ne, buhun masara ya fi haka, wani kuma da mudu ko tiya ya sayar. Ginshiƙin adadi daban, na ma'auni daban, in ba haka ba dashbod zai tara buhu da mudu ya ba ka lamba ɗaya.

Girman fayil ba zai dami dilanmu ba. Shafin Excel yana ɗaukar layi 1,048,576, Google Sheets kuma gurbi miliyan 10, ko da yake yana fara nauyi tun kafin nan idan fomula ta yi yawa. Abin lura kawai shi ne tsohon nau'in .xls, wanda ke tsayawa a layi 65,536. A 2020 hukumar lafiyar Ingila ta ɓatar da kusan mutum 16,000 masu korona daga rahotonta ta wannan hanyar.

Wuta, data da kuɗi

Excel da Power Query da Power BI Desktop duk suna aiki ba intanet. In dai batirin laftof yana da caji, a ɗauke wuta ko sabis ya gudu, aikinka na tafiya. Looker Studio kuwa ba ya buɗewa sai da intanet, kuma duk tacewar da mai kallo ya danna sai ta je ta dawo. Wakilin da ke ƙauyen da sabis ke wuya ba zai iya cike Google Form ba sai ya fito gari. Irin wannan wurin KoboCollect, manhajar waya ta KoboToolbox, ya fi dacewa, tunda yana ajiye amsa a waya har a sami sabis.

Wajen nuna wa mai gida ne lissafin ke juyewa. Looker Studio kyauta ne, ka tura wa Alhaji linki ta Gmail ɗinsa ya buɗe a waya, shi ke nan. Power BI Desktop ma kyauta ne, amma raba dashbod ɗin ta intanet yana buƙatar lasisin Pro ga mai haɗawa da mai kallo, dala 14 duk wata kan kowane mutum tun Afrilun 2025, kuma ba a rajista da Gmail ko Yahoo, sai imel na ofis ko na makaranta. Ƙungiyoyi masu zaman kansu da ma'aikatun da ke da Microsoft 365 ba za su ji wannan sosai ba. Ɗan kasuwa zai ji. Idan fayilolin a kan kwamfutarka suke, sabuntawa ta atomatik ma sai an sa wata manhajar tsakani kuma kwamfutar tana kunne, sai dai in ka ɗora su a OneDrive ko SharePoint. Akwai maɓallin Publish to web da wasu ke bi don kauce wa lasisi. Wannan buɗe wa duniya ne, duk mai linkin zai gani ba tare da an tambaye shi ko wane ne ba. Sunayen manoma da bashin da ake bin su ba abin sa wa a nan ba ne, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane. A kowace hanya, ka cire lambar waya da NIN da BVN tun a wurin gyara, dashbod ba ya buƙatarsu.

Ga dilanmu, ni abin da zan yi shi ne haɗa biyu. Tsofaffin fayiloli da na wakilan da ba za su canza hali ba, Power Query a cikin Excel ya wanke su, a kwafi teburin da ya fito a liƙa a Google Sheets, Looker Studio ya zana. Akwai aikin hannu ɗaya a tsakani duk wata, liƙawar nan, kuma dole kanun ginshiƙai su tsaya yadda suke. A hankali a riƙa mayar da wakilai kan fom ɗaya bayan ɗaya. Idan kuma Alhaji shi kaɗai ne mai kallo kuma sau ɗaya a wata, PivotTable, wato teburin taƙaita lissafi, da zane a cikin Excel ɗin, a fitar da PDF a tura masa ta WhatsApp, ya biya buƙata ba a kashe ko kwabo ba. Jami'in sa ido a ƙungiyar da ke da lasisi, mai karɓar rahoto daga asibitoci ko makarantu da yawa, ya tafi Power BI kai tsaye, ba sai ya yi wannan zagayen ba.

Kowacce ka bi, kafin ka nuna wa kowa ka tara jimillar buhunan da ke teburinka ka gwada da layin jimillar da ka goge daga fayil ɗin kowane wakili. Ranar da Alhaji ya ɗago kai ya ce, "Malam, wannan lambar ba ita ce a littafina ba," kana buƙatar ka iya cewa, "Ranka ya daɗe, bambancin buhu goma sha biyu ne, wakilin Zariya ya shigar da rasit ɗaya sau biyu, ga layin." Power Query ya fi sauƙaƙa wannan binciken saboda ginshiƙin da ke nuna tushen kowane layi. A Sheets ka tabbatar fom ɗin yana ɗaukar sunan mai shigarwa da lambar rasit.

Sai batun wanda zai gaji aikin. A ofisoshi da yawa ɗan bautar ƙasa ne ko yaron da ya iya kwamfuta ke haɗa dashbod, kuma da Gmail ɗinsa yake buɗe komai. Looker Studio da izinin mai shi yake karanta jadawalin, don haka in ya gama shekararsa ya tafi da asusunsa, ko aka cire shi daga jadawalin, zanuka su koma saƙon kuskure. A buɗe asusu da sunan shagon ko ofishin tun ranar farko, fom da jadawali da dashbod duk su zauna a ciki. A ɓangaren Power Query kuma, adireshin foldar yana ɗauke da sunan mai laftof ɗin, da an kai fayil ɗin wata kwamfuta zai ce bai ga folda ba. A ajiye adireshin a wuri ɗaya da za a iya canzawa, a sa wa matakan sunaye da Hausa ko Turancin da na baya zai gane, irin su "cire jimilla" da "gyara ranakun Kachia", a kuma bar teburin fassarar sunaye a cikin foldar da fayilolin suke.